Yara 86, Babu Fenti, Babu Takarda: Ta Ina Zan Fara Koyar Da Zane?

"Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata firamare ta gwamnati, ina riƙe da 'yan aji biyu, yara 86. A jadawali muna da darasin CCA, wato na fasaha da al'adu, sau biyu a mako, amma gaskiya abin da nake yi shi ne in zana kofi ko mangwaro a allo su kwafa, in bi in ba da maki. Ban karanci zane a kwaleji ba, ni kaina ban iya ba. Babu fenti, babu takardar zane, wasu ko fensir ba sa zuwa da shi. Kwanaki wani uba ya zo ya yi faɗa don ya ga ɗansa ya zana mutum a littafi, ya ce haramun muke koya musu. Hedimasta kuma yakan ce in mayar da lokacin na lissafi. Shin darasin nan yana da amfanin da zan tsaya in kare shi? In yana da shi, ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malama. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika yi wannan tambaya, domin malamai da yawa sun daɗe da sallama darasin nan ba tare da sun tambayi kowa ba. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko darasin zane a ƙananan azuzuwa ya cancanci a tsaya masa, sannan yadda malamar da ba ta karanci fannin ba za ta koyar da shi a aji mai cunkoso, babu kaya, ga iyaye ga hedimasta kowa yana ja ta nasa ɓangaren. Aikina koyar da zane ne da horar da malaman firamare, don haka daga abin da nake gani a azuzuwa irin naki zan ba ki amsa.

Ya cancanci a tsaya masa. Amma zan fara da abin da ba ki lissafa cikin matsalolinki ba, alhali a ganina shi ne babba: kofin nan da mangwaron nan da kike zanawa a allo. Rashin fenti yana da magani, yawan yara ana iya lallaɓa shi, uban yaro kuma ana iya zama da shi a fahimci juna. Kwafar zanen allo kuwa, ko an cika miki ajin da kayan zane, ba za ta bar yaran su koyi abin da aka ware darasin dominsa ba.

Yadda aka zo nan

Ki fara da sanin cewa halin da kike ciki ba gazawarki ba ce. Bayan dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin farko ga kowa, hukumar tsara manhajoji ta ƙasa, NERDC, ta fitar da manhajar ilimin farko ta shekara tara, aka fara aiki da ita a 2008. A cikinta aka tattara zane da sana'ar hannu da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo aka mayar da su darasi ɗaya, shi ne CCA, aka miƙa wa malamin aji wanda galibi Hausa ko addini ko nazarin zamantakewa ya karanta a NCE. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ya riƙe yara 35 a firamare, 25 a ajin share fage. Ke kina riƙe da fiye da ninki biyu na wannan. Duk wanda aka sa a wannan hali, allo zai nufa, domin allo ne kaɗai kayan aikin da yake isar kowa.

Kuma aikin hannu ba baƙon abu ba ne a makarantun Arewa. Makarantar da Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu tun farkonta. Abin da ya faru daga baya kowa ya sani: darasin ya lalace ya koma yaro ya sayo tsintsiya ko mafici a kasuwa ya kawo a ba shi maki. Iyayen yau yaran jiya ne da suka yi wannan, shi ya sa ba su ga abin da za a kare ba.

Abin da yaro yake yi idan yana zane

Wani masanin koyar da zane mai suna Viktor Lowenfeld, haifaffen Austriya da ya koma Amurka, ya bayyana a 1947 matakan da zanen yara yake bi, kuma duk malamin da ya daɗe da ƙananan yara zai shaida su. Daga shekara 2 zuwa 4 yaro yana jan layi ne gaba da baya, ya yi ta kewaye a wuri ɗaya, abin da manya suke kira jagwalgwalo. A nan hannu ne yake koyon bin umarnin ido. Daga wajen shekara 4 zuwa 7 sai siffofi su fara fitowa: da'ira da sanduna biyu ta zama mutum, gida ya fi bishiya girma ko ya gaza ta, komai yana yawo a takarda babu sama babu ƙasa. Daga 7 zuwa 9 yakan ja layi a ƙasan takarda ya jera komai a kansa, ya tsayar da hanyarsa ta zana gida ko mota ya yi ta maimaita ta, har ya zana abin da yake cikin ɗaki kamar bangon gilashi ne. Sai wajen shekara 9 zuwa sama yake fara damuwa da ko zanensa ya yi kama da abin, kuma a daidai nan ne yawancinmu muka ce ba mu iya ba muka ajiye.

Shekarun nan kada ki riƙe su kamar doka. Yaron da bai taɓa riƙe fensir ba sai ranar da aka kawo shi aji ɗaya zai yi jagwalgwalonsa yana ɗan shekara shida ko bakwai, ya wuce shi da sauri idan aka bar shi. A ajinki na tabbata akwai matakan nan uku zaune a benci ɗaya. To ki duba abin da yake faruwa idan aka ce duka su kwafi kofi mai baki zagayayye da mariƙi a gefe. Zanen babba ne, an yi shi da dabarun da ido ɗan shekara bakwai bai kai gare su ba. Kaɗan za su kwaikwaya ya yi kama, su sami takwas bisa goma. Sauran za su duba nasu su duba na allo, su yanke wa kansu hukunci cewa zane baiwa ce da ba a ba su ba. Ke ma da kika ce ba ki iya ba, ina kyautata zaton a irin wannan darasin aka gaya miki haka.

Abin da ake nema a wannan shekaru guda uku ne, kuma babu kamanni a cikinsu: yaro ya koyi duba abu da kyau, hannunsa ya yi ƙwari ya saba da kayan aiki, sannan ya saba yanke shawara da kansa, wato ina zan sa wannan, wane launi, ya isa ko in ƙara. Na ukun nan shi ne wanda kusan babu wani darasi a firamare da yake ba shi wuri. A lissafi amsa ɗaya ce, a karatu haka. Zane ne kaɗai inda yara 86 za su kawo amsa 86 kuma kowa ya yi daidai gwargwadon yadda ya duba.

Ki kawo abin, ki bar allon

Gyaran mai sauƙi ne. Maimakon zanen mangwaro, ki kawo abin da za a zana, kowane benci ya sami nasa. Ganye ya fi komai sauƙi don kyauta ne: na darbejiya, na mangwaro, na gwanda, na zogale. Kafin kowa ya ja layi, ki ɗauki minti biyar kuna dubawa tare. Ina ganyen ya fi faɗi? Gefensa santsi ne ko yana da haƙora? Jijiyoyinsa ina suka nufa? Su shafa, su juya bayansa, su ɗaga shi a rana. Za ki ji wani ya ce na darbejiya yana da haƙora kamar zarto, na mangwaro ba shi da su. Wannan maganar ita ce darasin, zanen da zai biyo baya shaidarta ce. Wani makon buta, wani makon takalmin kowa, fitilar ƙwai, ludayi, murhu, keken hedimasta in ya yarda a jingine shi a gaban aji.

A wannan tsari ba a bukatar ki iya zane. Aikinki tambaya ce da zagayawa. Abin da za ki nuna da hannunki shi ne yadda ake sarrafa kayan: ga layin da gawayi yake bayarwa idan an danna, ga na idan an sassauta, ga yadda ake murza shi da yatsa ya yi inuwa. Ki nuna, ki goge, don kada ya zama abin kwafa.

Ba ina cewa kwaikwayo haramun ne a koyo ba. Mai ɗinkin hula da mai zayyanar allo da magini duk ta kwaikwayon gwani suka fara, kuma yara da kansu suna ɗaukar dabaru daga zanen junansu, wannan ba laifi. Bambancin shi ne mai koyon sana'a yana kwaikwayon abin da yake hannunsa, yana juya shi, yana ganin yadda aka bi aka yi. Idan za a kwafa, a kwafi adon hula ta gaske ko na faifai na gaske, sannan ki ce kowa ya canza abu ɗaya ya zama nasa.

Maganar surar mai rai

Uban nan da ya zo, kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutum ne da ya buɗe littafin ɗansa ya duba, wanda iyaye da yawa ba sa yi, kuma damuwarsa tana da tushe. Hadisan da suka yi gargaɗi kan sura ingantattu ne. Haka kuma ya inganta cewa Ibn Abbas ya ce wa wani mai sana'ar zane, in ba makawa sai ya yi, ya zana bishiya da abin da ba shi da rai, kuma ya inganta cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai jiki mai inuwa da wadda aka zana a shafe, wasu malaman kuma sun tsananta a duka biyun. Fatawa ta malamai ce, ba tawa ba, kuma ba na ba ki shawarar ki tsaya jayayyar fiƙihu da uba a ƙofar aji.

Abin da zan gaya miki a matsayina na mai koyar da zane shi ne: za ki iya cika shekara shida ta firamare da darasi mai nauyi ba tare da kin taɓa umartar yaro ya zana mai rai ba, kuma ba ki rage komai ba. Ƙasar Hausa tana cikin wuraren da suka fi arzikin ado na layi da siffa. Ga zanen bangon gidaje na Kano da Zariya da Katsina da Damagaram, ga dagi, ga aska takwas da aska biyu a babbar riga, ga adon hula, ga sassaƙar ƙwarya, ga saƙar faifai da tabarma, ga adon dukawa a jaka da titimi, ga lalle, ga zayyanar allon sauka wadda uban nan da kansa zai yi alfahari da ita ranar da ɗansa ya sauke. Bakan gizon da yake riƙe rufin masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, aikin mutum ne da ya san layi da ma'auni. Duk abin da littattafan zane suke kira ginshiƙan fanni, wato layi, siffa, launi, maimaici, daidaito tsakanin dama da hagu, yana cikin faifai ɗaya da za ki aro a gida. Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, abin da suka tsaya a kai ke nan: a daina mayar da ɗalibi mai kwafar Turai, a koma a duba adon gida a gina sabo a kansa.

Saura abu ɗaya. Ko ba ki ce ba, ƙaramin yaro zai zana mamarsa da akuyar gidansu, domin su ne duniyarsa. Idan ya yi, kada ki tsawata, kada ki yaga. Ki gaya wa iyaye gaskiya tun farkon zango, a taron iyaye ko ta kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, cewa ga abin da za ki riƙa sa yara su zana, kuma duk wanda ba ya son ɗansa ya zana mai rai za a kiyaye masa. Idan akwai malamin addini a makarantar, ku zauna tare da shi kafin taron. Na ga wannan zaman ya kashe rigima tun kafin ta tashi.

Kayan aiki

A nan ne nake son ki saki ranki, domin yawancin abin da kike bukata yana tsakanin makaranta da gidanki. Ƙasa ita ce takarda ta farko. A share gindin bishiya, kowa ya ja murabba'insa da tsinke ya yi aiki a ciki. Yaro yana sakin hannu a ƙasa fiye da a littafi don ya san zai iya shafewa, kuma faɗin wurin yana sa ya motsa kafaɗa da gwiwar hannu, abin da ƙaramin yaro yake bukata kafin yatsu su ƙware. Bayan ƙasa sai kwalayen taliya da na sabulu daga masu kanti, bayan tsohuwar kalanda, da bayan fastocin da ake zubarwa in an gama zaɓe.

Gawayi shi ne fensirinki. Tawada kuwa yaranki sun riga sun san ta daga makarantar allo: a daka gawayi ko a kankare baƙin tukunya, a tankaɗe, a haɗa da ƙaron da aka jiƙa ya narke. Ƙaron nan shi ne sirrin duka, domin shi yake riƙe launi a jikin takarda. Ki zuba shi a jar ƙasa da aka tankaɗe kin sami ja, a farar ƙasa kin sami fari, a bula kin sami shuɗi. Kurkum yana ba da rawaya, zoɓon da aka jiƙa da kauri yana ba da ja mai duhu, karan dafi da lalle kowa da nasa. Ki gwada wannan a gabansu: ki raba ruwan zoɓo gida uku, ki matsa lemon tsami a ɗaya, ki sa ɗan ruwan kanwa a ɗaya, ki bar ɗaya. Na lemon zai ƙara haske, na kanwa zai juya ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Kurkum ma in ya haɗu da kanwa ja yake komawa. Ajin zai yi tsit, kuma kin koyar da kimiyya ba tare da kin ambaci sunanta ba. Launukan tsirrai suna koɗewa in rana ta daɗe tana dukansu, don haka a rataye aikin a inuwa. Buroshi kuwa, a tauna kan asawaki ko a daddake shi ya yi gashi, ko a fiƙe kara kamar alƙalami, ko gashin kaza. Abin liƙi, a dama sitacin rogo ko fulawa da ruwan zafi.

Yumɓu na fi so a kan duka, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya ga 'yan share fage da aji ɗaya, shi zan zaɓa. Yana ƙarfafa yatsun da za su riƙe fensir, yana karɓar gyara, kuma in ba a gasa shi ba ana jiƙa shi a sake amfani da shi har ƙarshen shekara. Gwajinsa: ki murza ɗan kaɗan ya yi tsawo, ki naɗe shi a yatsa. In ya tsage, yashi ya yi yawa. In yana manne wa hannu ƙwarai, a ƙara ɗan yashi mai laushi. Ƙasar suri takan yi kyau. A fara da dunƙule, a tura babban yatsa a tsakiya, a riƙa matsawa ana juyawa har ya zama ɗan kasko, daga baya a koyi ɗora murjajjen yumɓu ɗaya bisa ɗaya. Da wannan hanyar ta hannu Ladi Kwali ta koyi ginin tukunya tana yarinya a wurin 'yar uwar iyayenta, tun kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Ki nuna musu takardar naira ashirin su gan ta tana aiki. Yaran da suka ga mai ginin tukunya a jikin kuɗi ba za su ƙara raina laka ba.

Amma a kula. Kada a aiki yara kududdufi ɗebo yumɓu, saboda nutsewa da tsargiya. Manya su ɗebo. Kada a taɓa ƙasar wurin da ake haƙo ko niƙa dutsen zinariya. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010 ta ƙurar irin wannan ƙasa ta shiga jikinsu. Babu reza, babu fasasshiyar kwalba, babu baƙin cikin batir. 'Yan share fage kada a ba su ƙananan ƙwayoyi da za su tura a hanci ko kunne. A tanadi bokitin ruwa da sabulu, kowa ya wanke hannu kafin tara.

Yara 86 a minti 35

Kayan aiki iri ɗaya a darasi ɗaya, kada ki haɗa yumɓu da launi rana guda. Ki raba ajin rukuni-rukuni na takwas zuwa goma, kowane rukuni da shugaba mai rabawa da tattarawa, ana canza shi duk mako, mata da maza. Idan kaya ba su isa ba, rabi su yi a ƙasa rabi a kwali, darasi na gaba a yi musaya. Ki roƙi hedimasta ya haɗe miki darussan biyu su zama zama ɗaya mai tsawo, zai fi kyau a ƙarshen yini, don rabo da wanke hannu kaɗai suna cin kusan rabin gajeren darasi. Kuma kada ki yarda a rasa minti biyar na ƙarshe, inda za a shimfiɗa aikin kowa a ƙasa a zagaya a gani. Ki tambayi biyu ko uku su faɗi yadda suka yi. Yaron da ba ya ɗaga hannu a darasin Turanci sau da yawa a nan ake fara jin muryarsa, musamman in da Hausa ake maganar.

Bahago kuma a bar shi ya zana da hannun da ya fi masa, a zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwarsa ta riƙa karo da ta maƙwabcinsa.

Akwai ɓangaren da ake mantawa, wato tsara abu don ya yi aiki. Yaranmu gwanaye ne a nan tun kafin su zo makaranta: motar kara, tabarau na kara, motar gwangwani mai tayar murfin kwalba. Ki shigo da wannan cikin aji bayan girbi, lokacin da karan dawa yake ko'ina, manya su fere ɓawon tun a gida don yana yanka. Ki ba kowane rukuni matsala: ku yi motar da tayarta za ta juya kuma ta ɗauki dutse ɗaya daga nan zuwa ƙofa. Su fara zana ta a ƙasa, su ƙera, a gwada. Wadda ta karye, a tambaya me ya karya ta, a gyara, a sake gwadawa. Haka za a yi da mafici na kaba ko kwali, wanne ya fi kawo iska kuma me ya sa. Dubawa, tsarawa, ƙerawa, gwadawa, gyarawa, wannan ita ce hanyar injiniya da tela da magini, kuma ɗan aji biyu yana iya bin ta.

Maki, da kuma hedimasta

Ki daina auna zane da kamanni, kuma kada jan biro ya hau kan aikin yaro. In ba ki gane abin da ya zana ba, kada ki ce mene ne wannan, ki ce ba ni labarinsa. Yabo ma ya zama na abin da kika gani: na ga ka lura ganyen ya fi faɗi a tsakiya. Tunda dole ki cika rajista, ki ajiye aiki uku na kowane yaro a zango, na farko da na tsakiya da na ƙarshe, da suna da kwanan wata a baya, kowane rukuni a kwali ɗaya. Ki auna yaron da kansa na watan jiya: ya ƙara lura, ya ƙarasa aikin, ya sa wani abu nasa, ya iya bayani. Jarrabawar da ake tambayar ma'anar launi da Turanci a cike gurbi tana auna hadda ce. In makaranta ta tilasta ta, a yi ta, amma ki nemi kaso mafi yawa ya fito daga aikin hannu.

Hedimasta yana da dalilinsa, domin lissafi da karatu ake tuhumarsa a kai. Ba zan ce ki yi masa alkawarin zane zai ɗaga sakamakon lissafi ba. Abin da za ki iya nuna masa a fili shi ne siffofi da jeri da awo suna cikin manhajar lissafin aji biyu, kuma yaron da ya jera ja biyu baƙi ɗaya a kewayen faifai har ya haɗe, ko ya ninke takarda ya ga dama ta yi daidai da hagu, lissafin yake yi da hannunsa. Ki gayyace shi ya tsaya a darasi ɗaya. Ranar taron iyaye ki ɗaura igiya daga taga zuwa taga ki rataye aikin kowane yaro, ba na gwanaye kaɗai ba, da sunansa a jiki.

Abin da na faɗa bai rage miki ko yaro ɗaya daga 86 ba, kuma makonnin farko za a yi hayaniya da ɓarin ruwa kafin su saba da tsarin. Ɓangaren kiɗa da wasan kwaikwayo na CCA kuma na bar shi ga masu fanninsa. Sai dai akwai abin da darasin nan zai nuna miki wanda ya wuce aikin malama: yaron da yake kifa fuskarsa dab da takarda, ko yake runtse ido in an ɗaga abu daga nesa, ko kullum yake rikita ja da kore bayan sa'o'insa sun rarrabe, ko hannunsa yake rawa ya kasa riƙe gawayi har zango ya ƙare. Irin wannan kada a ce masa malalaci. Ki kira iyayensa ki gaya musu abin da kika lura, su kai shi asibiti a duba idonsa ko hannunsa, kafin nan kuma ki dawo da shi bencin gaba.